Haruffa 64 ɗin nan da kowa ke tsallakewa a shafin saukewa

Fayil ɗin girka Ubuntu 24.04 ya kusa giga shida, na Windows 11 ma ya haura biyar. Mutum zai kwana yana jan sa da datar dare, da safe burauza ta nuna an gama, ya zuba a filashi, ya fara girkawa. Ana tsakar aiki sai allo ya cika da rubutun `SQUASHFS error`, ko kuma Windows ta tsaya da lambar `0x80070570` tana cewa ta kasa kwafar wasu fayiloli. Daga nan sai a shiga lalube. A zargi faifan ajiya, a zargi RAM, a cire wannan a mayar da wancan, wani ma har ya sayi sabon faifai. Alhali tun farko fayil ɗin ne bai iso da lafiyarsa ba, kuma binciken da zai nuna hakan bai wuce minti biyu ko uku ba.

A kusan kowane shafin saukewa na kirki akwai wata doguwar lamba, haruffa da alƙaluma a cakuɗe, an rubuta mata SHA256 ko checksum a gefe. Zan riƙa kiranta lambar shaida. Ana samun ta ne ta hanyar bi da fayil ɗin gaba ɗayansa, bayit bayan bayit, ta cikin wani lissafi da ke fitar da sakamako mai tsayi ɗaya kullum. Na SHA-256 bit 256 ne, ana rubuta shi da haruffa 64 daga 0 zuwa 9 da a zuwa f. Ko fayil na kalma ɗaya ne ko na giga ɗari, haruffa 64 zai bayar. Idan kana da Linux a kusa ka gwada wannan:

`printf abc | sha256sum`

Abin da zai fito shi ne `ba7816bf8f01cfea414140de5dae2223b00361a396177a9cb410ff61f20015ad`, a kowace kwamfuta, yau da gobe. Yanzu ka sauya `printf` da `echo`. Lambar za ta canza tun daga farko har ƙarshe, don `echo` yana ƙara alamar sabon layi guda ɗaya wadda ido ba ya gani. Amfanin abin ke nan. Bit ɗaya ya juya a cikin giga shida, lambar ta zama wata daban, babu ko kama.

Wasu suna duba girman fayil su ce ai daidai yake da na shafi. Girma yana kama fayil ɗin da ya yanke bai ƙarasa ba, in an duba shi da bayit, ba da «5.8 GB» da aka taƙaita ba. Amma nauyin buhu ba ya nuna ko akwai tsakuwa a cikin shinkafar. Fayil yana iya cika bayit-bayit ɗinsa cif, amma tsakiyarsa sifili ne zalla, musamman da yake wasu manhajojin saukewa suna ware wa fayil cikakken wurinsa tun kafin su fara cika shi.

A Windows ba sai ka girka komai ba. Buɗe PowerShell a foldar da fayil ɗin yake, ka rubuta:

`Get-FileHash .\ubuntu-24.04.1-desktop-amd64.iso`

Idan ba ka faɗa masa wani lissafi ba, SHA-256 yake yi. Akwai kuma `certutil -hashfile sunanfayil SHA256` a tsohon taminal. Kada ka manta da kalmar SHA256 a ƙarshen wannan, don in ka bar ta `certutil` zai ba ka SHA-1 mai haruffa 40, ka zauna kana mamakin dalilin da ya sa bai yi daidai ba. Wanda ke da 7-Zip zai ga zaɓin CRC SHA idan ya danna fayil da maɓallin dama. A Mac `shasum -a 256 sunanfayil` ne, a Linux `sha256sum sunanfayil`. A wayar Android ma umarnin Linux ɗin yana aiki a cikin Termux.

Lissafin zai ɗan yi shiru kamar ya maƙale. Bai maƙale ba, karanta fayil ɗin yake yi. A faifan SSD ba ya daɗewa. A filashi mai USB 2.0 da ke karanta kamar mega 30 a daƙiƙa, giga shida zai ci fiye da minti uku.

Sai kwatantawa, kuma a nan ake yin sakaci. Mutane suna duba haruffa huɗu na farko da huɗu na ƙarshe su wuce. Idan lalacewar hanya kawai kake nema, wannan ya kusa wadatarwa. Idan kuwa akwai wanda ya yi niyyar yaudararka, bai wadatar ba, don haruffa takwas bit 32 ne kacal, kuma kwamfutar gida tana iya ta gwaji har ta samo gurɓataccen fayil da farkonsa da ƙarshensa suka yi daidai da na asali. Ka bar wa kwamfuta aikin. A PowerShell:

`(Get-FileHash .\sunanfayil.iso).Hash -eq "manna-lambar-shafi-a-nan"`

Zai ce `True` ko `False`. PowerShell yana fitar da lambar da manyan baƙaƙe, shafuka da yawa kuma da ƙanana suke rubutawa, amma `-eq` ba ya bambanta su, kuma a lissafin ma abu ɗaya ne. A Linux hanya mafi sauƙi ita ce ka sauko da fayil ɗin lambobin da kansa. A sabar Ubuntu sunansa `SHA256SUMS`, yana cikin folda ɗaya da fayilolin ISO, wato fayilolin girkawar. Ka ajiye shi kusa da abin da ka sauke, ka ce:

`sha256sum -c SHA256SUMS --ignore-missing`

Wannan `--ignore-missing` yana hana shi ƙorafi a kan sauran fayilolin da ke cikin jerin waɗanda ba ka sauke ba. Kana neman ganin `OK` a gaban sunan fayil ɗinka. Idan burauza ta sauya sunan, ta ƙara masa lamba ɗaya a baka saboda ka taɓa sauke shi, ba zai same shi ba sai ka mayar da sunan asali.

Kafin ka yanke hukuncin cewa fayil ya lalace, ka tabbatar abin da kake kwatantawa ɗaya ne. Ubuntu 24.04.1 da 24.04.2 fayiloli ne mabambanta, kowanne da lambarsa. A shafin Microsoft kowane harshe na Windows 11 yana da tasa, ta Ingilishin Amurka daban, ta Ingilishin ƙasa da ƙasa daban. Tsayin lambar kuma yana gaya maka irin lissafin: 32 MD5 ne, 40 SHA-1, 64 SHA-256, 128 SHA-512. Debian, misali, tana bayar da `SHA256SUMS` da `SHA512SUMS` duka. Akwai wata lamba da ya kamata ka gane ta da ido, wadda ke farawa da `e3b0c442` ta ƙare da `7852b855`. Wannan ita ce SHA-256 ta fayil ɗin da ba komai a cikinsa. In ka gan ta, bayit ko ɗaya ba ka sauke ba.

To me ke lalata fayil? A zamanin HTTPS, ba kasafai bit ke juyawa a kan hanya ya wuce ba a gane ba, don kowane ƙunshin bayanai yana zuwa da nasa hatimin. Abin da ya fi yawa shi ne yankewa: sabis ya ɗauke, ko an ɗauke wuta, saukewar ta tsaya, wata manhajar kuma ta ɗauka an gama. Na biyu shi ne ci gaba da saukewa daga inda aka tsaya. Shi kansa ba laifi ba ne, `wget -c` da `curl -C -` suna yin sa lafiya. Matsalar tana zuwa ne idan aka sauya fayil ɗin a saba tsakanin jiya da yau, ko aka tura ka wata sabar kwafi, wato wadda ke ajiye kwafin fayilolin sabar asali, da ke da wani fitowar daban, sai a haɗa maka kan wannan da gangar jikin wancan. Na uku ya fi ban dariya: data ta ƙare, ko wayafai ɗin otal yana son a shiga da suna, sai shafin sanarwar ya sauka da sunan fayil ɗinka. Ka ga ISO mai kilo goma sha biyu. A Linux `file sunanfayil.iso` zai gaya maka HTML ne.

Sauran lalacewar duk bayan saukewa take faruwa, kuma a wurinmu ita ta fi yawa, don manhaja ta fi yawo daga hannu zuwa hannu fiye da daga saba. Wani ya sauke, ya ba abokinsa a filashi, shi kuma ya tura a Xender, mai shago ya kwafa a faifansa yana girka wa jama'a shekara guda. A kowane zango akwai inda abu zai iya faɗuwa. Filashin da aka tsara da FAT32 ba ya ɗaukar fayil ɗin da ya kai giga huɗu. Windows za ta ƙi ta faɗa maka, amma wasu manhajojin waya suna rubutawa har iyakar su tsaya. A tsara filashin da exFAT ko NTFS. Sai zare filashi da zarar sandar kwafi ta cika. Tsarin kwamfuta, musamman Linux, yana riƙe ragowar bayanan a RAM yana zuba su a hankali, don haka sandar tana iya cika alhali sauran ɗaruruwan mega ba su shiga ba. Ka cire shi ta hanyar da ta dace, ko ka ce `sync` ka jira ya dawo.

Filashin jabu kuwa shi ne babban mugu. An yi wa guntun da ke sarrafa shi dabara ya riƙa cewa giga 64 ne, alhali ainihin ma'ajiyarsa takwas ce. Za ka kwafa, ba zai yi ƙorafi ba, sunayen fayiloli da girmansu duk za su fito daidai. Abin da ya wuce giga takwas ɗin ko dai ya ɓace ko ya hau kan na farko ya murƙushe shi. Ido ba zai gane ba sai lambar shaida. Sabon filashi a gwada shi da H2testw a Windows, ko `f3write` da `f3read` a Linux. Suna cika shi fal da bayanai su sake karantawa, su faɗi giga nawa ne na gaskiya. Gwajin yana cin lokaci, wani sa'in awanni, amma sau ɗaya ake yin sa.

Wani tarko a nan: ka kwafa fayil a filashi, nan take ka lissafa lambarsa, ta yi daidai, ka yi murna. Wataƙila ba daga filashin aka karanto ba, daga kwafin da ke RAM ne. Cire shi, mayar da shi, sannan ka lissafa.

Idan kuma ka lissafa lambar fayil ɗaya sau biyu a kwamfuta ɗaya ka samu amsa biyu, ka rabu da fayil ɗin, ba shi ne mara lafiya ba. RAM ne, ko faifan, ko igiyar USB. Ka bar Memtest86+, mai gwajin RAM, ya zagaya aƙalla sau ɗaya cikakke.

Idan an tabbatar fayil ya lalace, ba dole sai an sake sayen datar giga shida ba. Toren, wato hanyar saukewa daga kwamfutocin mutane da yawa masu fayil ɗin, yana yanka fayil gunduwa-gunduwa, kowace da lambar shaidarta. Ka sauko da ƙaramin fayil ɗin `.torrent` daga shafin asali, Ubuntu da Debian da Linux Mint duk suna bayarwa. Ka buɗe shi a qBittorrent, ka nuna masa foldar da lalataccen fayil ɗin yake da sunansa na asali, ka danna Force recheck. Zai bi gunduwoyin, ya riƙe masu lafiya, ya sake janyo waɗanda suka ɓaci kawai. Sau da yawa 'yan mega ne. Ubuntu tana kuma ajiye fayilolin `.zsync` masu yin irin wannan aikin. A ganina, duk wanda sabis ɗinsa ke yawan yankewa, da toren ya kamata ya fara tun farko.

Duk abin da aka faɗa zuwa nan amsar tambaya ɗaya ce: shin fayil ɗin da ke hannuna shi ne wanda lambar nan take nufi? Bai ce komai a kan wanda ya rubuta lambar ba. Mutane suna haɗa biyun, kuma a nan ake cutuwa.

Ranar 20 ga Fabrairun 2016 masu kutse sun shiga shafin Linux Mint, suka karkatar da mahaɗin saukewa zuwa wata saba tasu mai ɗauke da Mint 17.3 Cinnamon da aka dasa wa ƙofar baya, wato ɓoyayyar hanyar shiga kwamfutar duk wanda ya girka. Wanda ya iya sauya mahaɗi a shafi, sauya lambar da ke ƙarƙashinsa ba zai gagare shi ba. Mai saukewa zai lissafa, ya kwatanta, ya ga daidai, ya girka guba da kwanciyar hankali. Ba wai lambar ba ta da amfani a kan ɓarayi ba ne. A Nuwamban 2019 an sauya fayilolin manhajar asusun kuɗin intanet na Monero a shafinsu da wasu fayiloli masu satar kuɗi, kuma wani mai amfani da ya lura lambar ba ta yi daidai da wadda aka wallafa ba ne ya tona asirin. A Mayun 2017 ma sabar kwafi ɗaya ce ta manhajar bidiyo ta HandBrake aka shiga aka musanya fayil ɗin Mac, don haka lambar da ke wani wurin daban za ta iya nuna bambancin. Abin lura shi ne lamba tana kare ka ne idan ta zo ta hanyar da fayil ɗin bai biyo ba. Ka ɗauki fayil daga ko'ina, daga sabar kwafi, daga filashin aboki, daga mai shago, amma lambar ka ɗauko ta da kanka daga shafin masu manhajar, ta HTTPS, ka duba adireshin da kyau. Lambar da ta zo a filashi ɗaya da fayil shaidar ɗan'uwa ce.

Abin da ke rufe wannan ɓarakar shi ne sa hannu na lissafi. Masu manhaja suna da mabuɗai biyu masu alaƙa. Ɗaya na sirri ne, yana wurinsu, da shi suke buga hatimi. Ɗaya na fili ne, kowa na iya samu, da shi ake duba hatimin. Wanda ya fasa shafi zai iya sauya fayil ya sauya lamba, amma ba shi da mabuɗin sirri, don haka ba zai iya buga hatimin da zai yi daidai ba. Yawanci ba babban fayil ɗin ake sa wa hannu ba, ƙaramin jerin lambobin ne. Hatimi ya tabbatar da jerin, jerin ya tabbatar da fayil.

A Ubuntu hatimin shi ne `SHA256SUMS.gpg`. A Debian `SHA512SUMS.sign` da ɗan'uwansa, a Mint `sha256sum.txt.gpg`, Fedora kuma tana saka hatimin a cikin fayil ɗin `CHECKSUM` kansa. Manhajar dubawa GnuPG ce, tana zuwa da kusan kowace Linux, a Windows kuma ana samun ta a Gpg4win. Ka ajiye fayilolin biyu wuri ɗaya ka ce:

`gpg --keyid-format long --verify SHA256SUMS.gpg SHA256SUMS`

Karon farko zai ce `Can't check signature: No public key`, ya nuna maka lambar mabuɗin da aka yi amfani da shi. Ka janyo mabuɗin:

`gpg --keyserver hkp://keyserver.ubuntu.com --recv-keys D94AA3F0EFE21092`

Ka sake umarnin farko. Yanzu ya kamata ka ga `Good signature`, da sunan mabuɗin da Ubuntu ke sa wa fayilolinta hannu da shi tun 2012. A ƙasa za ka ga gargaɗin `This key is not certified with a trusted signature`. Wannan yana tsorata mutane, alhali ma'anarsa kawai ita ce kai ba ka taɓa shaida wa GnuPG ka yarda da mabuɗin ba. Wanda ke nufin a tsaya cak shi ne `BAD signature`.

Sai dai gargaɗin yana nuni ga wani abu na gaske. Kowa na iya ƙirƙirar mabuɗi ya raɗa masa sunan Ubuntu ya ɗora a sabar mabuɗai, babu mai hana shi. `Good signature` yana nufin hatimin ya yi daidai da mabuɗin da ka janyo, ba ya nufin mabuɗin na mutanen kirki ne. Abin dubawa shi ne cikakken zanen yatsan mabuɗin, haruffa 40. Na Ubuntu shi ne `8439 38DF 228D 22F7 B374 2BC0 D94A A3F0 EFE2 1092`, kuma kada ka yarda da shi don ka gan shi a nan. Ka duba shi a shafin koyarwar Ubuntu, ka duba shi a kwamfutar da aka riga aka girka wa Ubuntu, inda mabuɗan ke cikin `/usr/share/keyrings`, ka ga wurare biyu ko uku da ba hannu ɗaya ke riƙe da su ba sun yi ittifaƙi. Gajeriyar lambar mabuɗi mai haruffa takwas kuwa a manta da ita. Tun 2014 aka nuna ana iya ƙera mabuɗin bogi mai irin waɗannan haruffa takwas cikin daƙiƙoƙi. Wahalar ta karon farko ce kawai. Da zarar mabuɗin gaskiya ya zauna a kwamfutarka, fitowar gaba umarni ɗaya ne.

Game da MD5 da SHA-1, ana yawan cewa «an karya su», kuma gaskiya ne, amma ya kamata a san me aka karya. Ronald Rivest ne ya tsara MD5 a 1991. A 2004 Wang Xiaoyun da abokan aikinta a Sin suka nuna yadda za a ƙera bayanai biyu mabambanta masu lamba ɗaya. A 2012 aka gano muguwar manhajar Flame ta yi amfani da wannan raunin ta ƙirƙiri takardar shaidar da ta yi kama da ta Microsoft. SHA-1 ta bi sahu a Fabrairun 2017, lokacin da Google da cibiyar CWI ta Amsterdam suka fitar da fayilolin PDF biyu masu lamba ɗaya. Don gano ko filashi ya cinye maka wani sashe na fayil, MD5 har gobe tana aiki, haɗari ba ya ƙera fayil biyu masu lamba ɗaya da gangan. Don kariya daga mai niyya, SHA-256 ko sama. CRC32 da ke cikin fayilolin ZIP ma haka take: tana kama lalacewa, shi ya sa 7-Zip ke cewa `CRC failed`, amma yaro ma zai iya daidaita ta bayan ya sauya abin da ke ciki.

Manhajojin Windows na `.exe` da `.msi` galibi hatiminsu yana jikinsu. Danna dama, Properties, shafin Digital Signatures, ka zaɓi sunan ka danna Details. Ka ga an ce sa hannun lafiya yake, sannan ka karanta sunan kamfanin, don ɓarawo ma yana iya sayen takardar shaida da sunan wani kamfani da ba ka taɓa ji ba. A PowerShell `Get-AuthenticodeSignature sunanfayil.exe` zai ce `Valid`, ko `HashMismatch` idan an taɓa fayil ɗin, ko `NotSigned`. Manhajar babban kamfani da ta zo ba shafin sa hannu ko kaɗan abin tuhuma ce. Manhajar da aka fasa don a yi amfani da ita kyauta kuwa ba ta da abin da za a gwada ta da shi. An riga an sauya ta, hatimin ya karye, babu lambar asali, kuma ba ka da hanyar sanin ko cire kullen kawai aka yi ko an ƙara wani abu. Haka APK, wato fayil ɗin girka manhajar Android, da aka yi wa kwaskwarima. Android ba ta yarda a sabunta manhaja da fayil mai hatimi daban da na wadda ke kan wayar, shi ya sa irin waɗannan ke cewa sai ka goge ta asali tukuna. Wannan buƙatar ita kanta amsa ce. Mai son gani da idonsa ya yi `apksigner verify --print-certs sunan.apk` ya kwatanta da na asali.

Masu girka manhaja a Linux da `apt` ko `dnf` an ɗauke musu wannan aikin. A Debian da Ubuntu fayil ɗin `InRelease` yana da hatimi, yana ɗauke da lambobin jerin manhajoji, jerin kuma yana ɗauke da lambar kowane `.deb`. Idan ka ga `Hash Sum mismatch`, yawanci sabar kwafi ce ke tsakiyar sabuntawa, ko wata ma'ajiyar wucin gadi a hanyar sadarwarka ta ba ka tsohon kwafi. Ka goge abin da ke cikin `/var/lib/apt/lists/`, ka sake `apt update`, in ya ƙi ka sauya saba. Abin da ba a yi shi ne bin shawarar da ke yawo ta a saka `--allow-unauthenticated` ko `trusted=yes`. Wannan kashe ƙararrawa ne don ta dame ka.

Hatimi ma yana da iyakarsa. CCleaner 5.33 da aka rarraba a 2017 da muguwar manhaja a ciki tana ɗauke da sa hannun kamfanin na gaskiya, don a wurin haɗa ta aka shiga. Haka sabuntawar SolarWinds Orion a 2020. A Maris ɗin 2024 Andres Freund ya gano ƙofar baya a manhajar matse fayiloli ta xz 5.6.0 da 5.6.1, wanda ya dasa ta kuma yana cikin masu kula da manhajar, shi ya sa wa fayilolin hannu. A duk ukun, lamba za ta yi daidai, hatimi zai yi kyau. Maganin wannan ba ya hannun mai saukewa. Yana wurin ayyuka irin na Debian da Tor da Bitcoin Core, da ke ƙoƙarin ganin mutane daban-daban sun haɗa manhaja daga tushe ɗaya sun samu fayil iri ɗaya bit da bit.

Saura zango na ƙarshe, filashin girkawa. Fayil mai lafiya yana iya shiga filashi ya fito da rauni. balenaEtcher, mai rubuta ISO a filashi, yana sake karanta abin da ya rubuta ya gwada, kada ka danna tsallakewa. Idan da `dd` ka rubuta, lambar filashin gaba ɗaya ba za ta taɓa yin daidai ba, don ya fi fayil ɗin girma. Ka karanta daidai adadin bayit ɗin ISO kawai:

`sudo head -c $(stat -c %s sunanfayil.iso) /dev/sdX | sha256sum`

Ka sa harafin filashinka a madadin X, ka tabbatar da shi da `lsblk`. A yi wannan bayan an cire an mayar, kuma kafin a tayar da kwamfuta da filashin, don wasu tsare-tsaren suna ƙara ɓangaren ajiya a kansa a tashin farko, lambar ta sauya ba tare da wata lalacewa ba. Rufus a yanayin ISO da Ventoy, su ma masu haɗa filashin girkawa, ba sa bin wannan hanyar. Rufus yana warware fayil ɗin ne ya zuba abin da ke ciki, Ventoy kuma yana ajiye ISO a matsayin fayil, don haka a Ventoy sai ka lissafa lambar fayil ɗin da ke kan filashin kai tsaye.

Mai shagon gyara ko mai kula da ɗakin kwamfutocin makaranta, da ke da faifai guda cike da manhajojin girkawa, ya kamata ya yi wa faifan nasa jerin. Bayan an tantance kowane fayil da lambar masu shi, a shiga foldar a ce:

`find . -type f ! -name SHA256SUMS -exec sha256sum {} + > SHA256SUMS`

A ajiye kwafin jerin a wani wuri daban, a waya ko a imel. Duk bayan 'yan watanni, ko bayan faifan ya faɗi ƙasa, ko an ɗauke wuta yana tsakar aiki, `sha256sum -c SHA256SUMS --quiet` zai fito da sunayen waɗanda suka sauya kaɗai. Tsarin kowane layi a jerin shi ne lamba, tazara biyu, sunan fayil, ko tazara ɗaya da alamar tauraro. Idan a Windows ka haɗa jerin da PowerShell 5.1 ta hanyar `>`, zai rubuta shi da UTF-16, `sha256sum` kuma zai ce bai ga layi ko ɗaya mai tsari ba. A yi amfani da `Out-File -Encoding ascii`, muddin sunayen fayilolin ba su da ƙ ko ɗ ko ɓ, don ASCII zai mayar da su alamar tambaya.